Rabon Buta

A gidajen Ingila da har yanzu ake haɗa shayi a buta, akwai wani ɗan aiki da ake yi kafin ganye ya shiga. Ruwa na kan wuta yana gab da tafasa, sai mai haɗin ya ɗauko butar tangaran, ba komai a cikinta, ya tsiyaya mata ruwan zafi cikin kofi guda, ya mayar da murfi. Ya tallabe ta da hannu biyu, yatsa ɗaya a kan murfin, ya jujjuya har ruwan ya zaga ko'ina. Ya ajiye ta na minti ɗaya ko ɗan fiye. Daga nan ya karkata ta, ruwan ya bi ta bututu ya fice. Sai a lokacin ne ganye ke shiga, tafasasshen ruwa ya biyo bayansa.

Baƙon da ya fara ganin haka yakan ɗauka wanki ne. In aka ce masa ai butar a wanke take tun jiya, sai ya ce to ɓarnar ruwa ce da ta wuta. Ni kuwa ina ganin ɗan aikin nan ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin yana cikin abubuwan da ake fara yarwa idan gaggawa ta shigo gida, kuma da wuya mutum ya gane abin da ya rasa. Shayin zai yi kala, zai shawu. Amma wani abu ya ragu a cikinsa, mai sha kuma sai ya ɗora laifin a kan ganye, ko ya ce kamfanin ne ya rage inganci.

Zafi ba ya zama wuri ɗaya. Duk inda abu mai zafi ya gamu da mai sanyi, sai ya yi ta ratsawa har su zo daidai. Wanda ya taɓa sayen sabuwar randa ya san halinta: ruwan farko da aka zuba, sai ta sha nata ta ƙoshi kafin ta yarda ta riƙe wa mutanen gida. Haka butar shayi take yi da zafi. Dole ta karɓi rabonta, ko an ba ta ko ba a ba ta ba. Abin da ya rage wa mai haɗi shi ne ya zaɓi inda rabon zai fito: daga ɗan ruwan da za a juye, ko daga shayin da za a miƙa wa mutum.

Rabon nan kuwa yana lissafuwa. A ce ga buta ta tangaran mai kauri, nauyinta giram 600, tana ajiye a ɗakin da ma'aunin zafi ke nuna digiri 20. Tangaran bai kai ruwa cin zafi ba. Abin da giram ɗaya na ruwa ke bukata kafin ya hau digiri ɗaya ya ninka na tangaran kusan sau 5. Duk da haka giram 600 ba abin rainawa ba ne. In aka zuba mata lita ɗaya ta ruwa mai digiri 100, kafin ita da ruwan su daidaita ya sauko wajen 91. In rabin lita ce, saboda mutum biyu ne kawai za su sha, sai ya faɗo wajen 84. Wannan ban da abin da tururi ke tafiya da shi, ban da wanda iska ke kwasa ta jikin butar. Amma da a ce an riga an ɗumama ta har jikinta ya kai digiri 70, litar nan za ta tsaya kusa da 97, rabin litar kuma wajen 94. Tsakanin 84 da 94 akwai tazarar da harshe ke ji.

Abin da ya sa tazarar ta zama abin damuwa shi ne lokacin da take faɗowa. Butar ba a ƙarshe take cin rabonta ba, a mintunan farko take ci, daidai lokacin da ganye ke buɗewa yana sakin abin da ke cikinsa. Baƙin shayi, irin wanda Turawan Ingila ke sha kuma irin wanda ke cikin ƙullin da muke saya a shago, ganye ne da aka murza aka bari ya sha iska har ya rine, sa'an nan aka busar. Sinadaran da ke ba shi jan launi, da ɗan baurin nan mai kama harshe, da kaifin da ke wartsake mutum, ba sa fita da sauri sai a ruwan da ke kusa da tafasa. In zafin ya gaza, a cikin minti 3 zuwa 5 da aka saba bari, ba za su gama fita ba. Sai a sami shayi mai kala amma salam, wanda da an zuba masa madara ya ɓace a cikinta. Mai haɗin zai ce bari ya ƙara ganye, ko ya bar shi ya daɗe. Ƙarin ganye asara ce. Daɗewa kuma ba ta mayar da ƙamshin da bai tashi ba tun farko, sai dai ta sa shayin ya iso hannun mai sha ya riga ya huce.

Turawan Ingila sun daɗe suna gardama a kan shayi, amma wannan gaɓa kusan kowa ya yarda da ita. Marubucin nan George Orwell ya buga wata maƙala a jaridar Evening Standard ta Landan a watan Janairun 1946, inda ya jera ƙa'idoji 11 na haɗa shayi, ɗumama buta na cikinsu. Shi ma bai gamsu da jujjuya ruwan zafi kawai ba, ya fi son a ajiye butar kusa da wuta ta ɗumama sosai. Ya kuma nace a kan cewa butar ce za a kai wurin ruwan da ke tafasa, kada a sauke ruwa a yi tafiya da shi zuwa wurin buta. In aka tuna lokacin da ya yi rubutun, sai a ga ba fitina ba ce. Tun 1940 gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade shayi saboda yaƙi, kowane mutum yawanci wajen giram 60 a mako, kuma ba a ɗage dokar ba sai 1952. Wanda ke auna ganyensa da ƙaramin cokali yana lissafin kwanakin da suka rage, ba zai yarda buta mai sanyi ta rage masa ƙarfin cokalin ba. A 2003, shekara 100 da haihuwar Orwell, ƙungiyar masana ilmin sinadarai ta Birtaniya ta fitar da tata shawarar ta hannun Dokta Andrew Stapley na Jami'ar Loughborough. Sun saɓa wa Orwell a kan lokacin zuba madara, amma a kan buta sun bi shi, sai dai su sun ce a zuba mata ruwa kaɗan a sa ta minti ɗaya a na'urar ɗumama abinci ta lantarki.

Butar da ta fi shahara a can ma irin wadda ke bukatar wannan kulawa ce. Suna kiranta Brown Betty: ƙundumemiya, mai zagayayyen ciki, ruwan ƙasa, ana gina ta da jan yumɓu na yankin Stoke-on-Trent. Kaurinta ne amfaninta, shi ne kuma matsalarta. In ta ɗauki zafi tana riƙe shi, har ana ɗinka mata wata hula ta ulu a kifa mata don kada ta huce. In kuwa da sanyinta aka same ta, kaurin nan ne zai fara shanye zafin ruwa.

Akwai wani dalili da ya girmi wannan, shi ne tsoron fashewa. Shayi ya shiga Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, tare da kwanuka da butoci na tangaran daga ƙasar Sin, waɗanda aka gasa da wuta mai tsanani har ba sa jin tsoron ruwan zafi. Turai ta daɗe tana neman asirin yin irinsu. A Jamus aka fara dacewa, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Masana'antun Ingila na farko kuwa wani tangaran mai laushi suka riƙa yi, kyakkyawa a ido, amma yakan tsage in tafasasshen ruwa ya faɗa masa farat ɗaya. Masana'antar Worcester, wadda aka kafa a 1751, ta yi suna ne saboda tana haɗa wani dutse mai santsi daga Cornwall a cikin yumɓunta, kayanta suka fi jure zafi. Yadda tsagewar ke faruwa kowace uwar gida ta san shi ko da ba ta san bayaninsa ba: ruwan zafi na taɓa cikin kofin gilashi, cikin ya buɗe, bayan kuwa yana nan da sanyinsa bai motsa ba, sai ka ji ƙas. Ba banza ba muke kiran irin kayan nan faɗi-ka-mutu. Ɗan ruwan ɗumi da aka fara zubawa aka jujjuya yana ba jikin butar damar buɗewa a hankali, ciki da waje tare. Yawancin butocin yau sun fi na da ƙwari, amma tsohuwar buta ta gado, ko kofin gilashi mai kauri da ya kwana a sanyi, har gobe suna bukatar wannan lallashi.

Inda abin ya kai maƙura shi ne ƙasar Sin, mahaifar shayi da butarsa. A da can curin shayi ake yi, a daka shi ya zama gari, a kaɗa a kwano. A 1391 sarki Hongwu, wanda ya kafa daular Ming, ya hana a riƙa kawo masa curarren shayi a matsayin gaisuwa, ya ce a kawo ganye yadda yake. Da jiƙa ganye ya zama ruwan dare, sai buta ta samu gindin zama. Garin Yixing na lardin Jiangsu ya shahara da ƙananan butoci na wani yumɓu mai duhu, ba a shafa musu ƙyalli, ba a kuma wanke su da sabulu, domin jikinsu na riƙe ƙamshi. A yankin Chaozhou da lardin Fujian, inda ake haɗa shayi a irin waɗannan butoci, wata butar ba ta fi cikin tafin hannu ba.

Ƙanƙantar nan ce ta sa ɗumamawa ta zama tilas. Ruwan da ke shiga kaɗan ne, yumɓun kuma in aka gwada shi da ruwan yana da yawa, jiƙon kansa kuma na daƙiƙoƙi ne, ba na mintuna ba. Don haka mai haɗi yakan jera kayansa a kan wani faranti mai ramuka wanda ruwa ke tsiyayewa ƙasansa. Ya cika butar da tafasasshen ruwa, ya juye shi cikin ƙananan kofuna, ya juya kowane kofi a cikin ruwan har ya yi zafi. Sa'an nan ya zuba busasshen ganye a butar da ke tururi, ya rufe, ya ɗan girgiza, ya buɗe ya miƙa wa baƙo ya shaƙa. A nan ne na fi son abin. Ganyen bai taɓa ruwa ba tukuna, ɗumin yumɓu kawai ya ji, amma ƙamshinsa ya riga ya tashi, irin wanda ba a jin sa a cikin gwangwani. Bayan an zuba ruwa an mayar da murfi, sai ya ƙara kwarara tafasasshen ruwa a bayan butar, daga murfi har gindi, yumɓun ya yi duhu ya jiƙe, cikin ɗan lokaci kuma ya bushe da kansa saboda zafin da ke ciki. Kowa na zaune yana kallo. Ba a ɓoye wannan aiki a kicin, a gaban baƙo ake yin sa, kuma yana cikin karramawar.

Japanawa sun san lissafin nan sarai, sai suka juya shi ya yi musu aiki ta wata fuska. Koren shayi daga bishiya ɗaya yake fita da baƙi, bambancin shi ne ana turara shi ko a gasa shi da zarar an tsinke, don kada ya rine. Irin wannan ganye ba ya son tafasasshen ruwa, yana sa shi ɗaci. Wanda suka fi sha yau da kullum yana son digiri 70 zuwa 80, wani mai tsada da suke kira gyokuro ma 50 zuwa 60 ya ishe shi. Saboda haka sai su fara zuba tafasasshen ruwa a kofunan da za a sha, kofunan su karɓi rabonsu su yi ɗumi, ruwan kuma ya sauko, sa'an nan a juye shi a kan ganye. Da aiki ɗaya an ɗumama kofi, an sanyaya ruwa, an kuma auna daidai abin da za a sha. Wannan ya nuna ɗumama buta ba farilla ba ce a kan kowane shayi. Sanin ganyen da ke hannunka da mazubin da ke gabanka shi ne aikin.

Turkawa da Rashawa da Iraniyawa kuwa tun a ƙirar kayan suka kashe maganar. A Turkiyya buta biyu ce, ƙarama a kan babba: ta ƙasa na tafasa ruwa, ta sama na zaune cikin tururinta da ganye a ciki. Samobar, mazubin tafasa ruwa na Rasha da Iran, shi ma haka, butar shayi a kansa take zama. Butar da ke kan tururi ba ta san sanyi ba balle ta nemi rabo.

To mu fa? A ƙasar Hausa da maƙwabtanta yawanci dafa shayi muke yi, ba jiƙawa ba, shi ya sa maganar ba ta taso mana da irin wannan siffa ba. Buzun da ke zaune a Agadas da ƙaramar butarsa ta ƙarfe a kan garwashi, ko samarin fada a Damagaram da Maraɗi da Yamai, ganyensu kore ne daga Sin, kuma a kan wuta yake dahuwa da sukari, zagaye uku. Butar siririya ce, tana kan gawayi tun farko, ba ta da wani zafi da za ta ƙwace. Ko da ma sauke ta aka yi, butar ƙarfe mai giram 200 ba za ta rage wa lita ɗaya abin da ya wuce digiri 2 ba. Amma a lura da hannun mai haɗin. Da yawansu sukan fara zuba wa ganyen ɗan ruwan zafi su jujjuya su zubar, don ƙura da kaifin ɗaci su fita. Ƙananan kofunan gilashin nan kuma ba a barin su da sanyi: ana ɗaga buta sama a tsiyaya, a mayar, a sake tsiyayawa, har kumfa ta hau. Kafin kofi ya iso hannunka shayi ya shiga cikinsa ya fita sau da yawa, gilashin ya yi ɗumi, bayansa an ɗauraye shi tas.

Mai shayin bakin titi shi ma tukunyarsa ba ta sauka daga wuta, citta da kanumfari da masoro suna ciki suna dahuwa tun asuba. Matsalarsa a kofi take da madara. Da sanyin safiya, kofunan sun kwana a kife a kan tebur, madarar gwangwani ta yi sanyi ƙarara. In ka ce masa, "Malam, a haɗa mini mai kauri," wanda ya san aikinsa zai amsa da "An gama, Alhaji," amma hannunsa ba kan madara zai fara zuwa ba. Zai ɗebo ruwan zafi ya watsa a kofin, ya juya shi sau biyu, ya zubar gefe. Mutane na ganin tsabta ce kawai, kuma tsabtar ce, sai dai har da ɗumi a ciki. Za ka gane bambancin in ka zauna a teburin wanda ba ya yi: kafin a yanka maka burodi a soya ƙwai, shayin ya zama ruwan ɗumi mai zaƙi.

Inda al'adar ta fi zama daram a gidajenmu shi ne wajen flas. Matan da suka daɗe suna aikin gida ba sa zuba shayi ko kunu a flas mai sanyi. Za ka ji babba na tambayar yarinya:

"Ke 'yar nan, kin ɗauraye flas ɗin da ruwan zafi?"

"Na wanke shi tun ɗazu, Gwaggo."

"Ai ban ce wanki ba. Zuba masa ruwan zafi ki rufe, ki bar shi sai na gama tace kunun."

Gwaggo ba ta bukatar a gaya mata cewa wani masani ɗan Sikotlan, James Dewar, shi ya ƙirƙiro irin wannan mazubi a 1892, bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu don kada zafi ya sami hanyar fita. Abin da ta sani shi ne flas yana tsare zafin da aka ba shi, ba ya ƙara ko kaɗan, kuma bangon cikinsa sai ya ci nasa tukuna. Shayin da za a kai wa mai jego, ko wa majiyyaci a asibiti, ko wanda za a ajiye don sahur, sa'o'i zai yi a ciki. Digirin da aka rasa a minti na farko ba ya dawowa, da shi za a yi ta tafiya har lokacin buɗewa. Su kansu kamfanonin flas suna rubuta wannan shawara a takardar da ke cikin kwali, takardar da kusan ba wanda ke karantawa.

Akwai kuma amfanin da ba ya cikin lissafin digiri. Butar da ake ajiye wa baƙi takan yi makonni a kabad. Tana ɗaukar warin rufi, da na sabulun da bai gama fita ba, da hunturu kuma ƙura na shiga har ta bututu. Ruwan sanyi ba ya tayar da irin wannan wari, ruwan zafi ne ke tayar da shi. In ba a fara juye masa wani ruwan ba, shayin baƙo ne zai kwaso shi. Shi ya sa ake fitar da ruwan ta bututu, ba ta saman buta ba: hanyar da shayi zai bi ita ce ke bukatar wanki da ɗumi. Murfi ma a bar shi a kai lokacin da ake yi, domin murfi mai sanyi yana tara tururi ya mayar da shi ruwa, zafin ya tafi a banza.

Mai cewa ɓarna ce yana da hujjarsa, ban raina ta ba. A unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, gas kuma ana auna shi da kilo ana kallon farashi, ba a cewa mutum ya tafasa ruwa don ya zubar. Sai dai ruwan da ake magana bai wuce kofi ɗaya ba, ba kuma sai ya tafasa ba. Wanda aka ɗiba tun yana kan hanyar tafasa ya isa. Zubar da shi ma ba dole ba ne. Daga buta ya wuce kofuna ya ɗumama su, daga nan ya shiga robar wanke-wanke inda ruwan ɗumi ke taimakawa wajen cire maiƙo. Ganyen da ake ƙarawa don a rufe raunin shayi ya fi wannan ɗan ruwa tsada nesa ba kusa ba.

Gaskiya dai buta kanta tana ja da baya. Tun da kamfanin Tetley ya shigo da shayin ƙulli Birtaniya a 1953, sannu a hankali ya mamaye kasuwa, yau mafi yawan shayin da ake sha a can a kofi ake jiƙa shi, ƙulli ɗaya mutum ɗaya. Mu ma a ofis da gidajen birni haka muke yi. Mutane sun ɗauka da buta ta tafi, maganar ɗumamawa ta bi ta. Ai a kofi abin ya fi tsanani. Babban kofin tangaran mai hannu yakan kai giram 300, ruwan da yake ɗauka kuwa rubu'in lita ne. In da sanyinsa aka zuba, ruwan zai sauko wajen digiri 84, ga baki a buɗe ba murfi, tururi na ta tafiya. Wani ma tun ƙullin bai jiƙu ba zai kwarara madara daga firji. Sa'an nan a yi ta matsa ƙullin da cokali ana neman kala. Maganin bai fi a ɗauraye kofin da ruwan zafi ba, a sa ƙulli, a zuba ruwa yana tafasa, a kifa ɗan faranti a kai na minti 3, madara ta jira sai an cire ƙullin. Wannan ɗan jiran nake yi wa baƙo, ina kuma so a yi mini. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a ganina kofin da aka ɗumama yana cikin shimfiɗar da baƙo ke ji a tafin hannunsa tun bai kurɓa ba.

Waɗanda suka fi kowa bukatar kula da wannan su ne mazauna tudu. Ruwa ba ya kai digiri 100 sai a ƙasa daidai da teku. Duk hawan mita 300 yana rage masa kusan digiri ɗaya. A Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ruwa na tafasa ne a kusan digiri 96, ko an ƙara wuta ba zai wuce nan ba. A tsaunin Mambila na jihar Taraba, inda gonakin shayi na Kakara suke a ƙaramar hukumar Sardauna, tsayin ya haura mita 1,500, ruwa kuma na tafasa a wajen 95. Wato a wurin da Nijeriya ke noma shayinta, an riga an ci mai haɗi digiri 5 tun bai taɓa buta ba. In ya ɗauko butar tangaran mai giram 600 da ta kwana a sanyin can, ya zuba mata lita ɗaya ba tare da ya ɗumama ta ba, za ta ƙara cin wajen digiri 9. In rabin lita ce, sai ta ci 16, baƙin ganye ya tsinci kansa a ruwan da bai kai digiri 80 ba, zafin da Japanawa ke nema wa koren shayi.